Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Gina Zauren Rubutu Domin Iyaye Mata

Adabin Hausa ya tashi daga takarda ya koma cikin waya, amma matan da suka raine shi da kuɗin cefanensu sun rage a baya. Wannan rahoto ya duba yadda hakan ta faru, da abin da ake hasara, da yadda za a gina musu zauren rubutu daidai da shekarunsu.

Yarinyar da take da shekara 15 lokacin da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, yau ta haura 50. Wadda ta karanta So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed tana amarya a 1980, yanzu jikoki ake kawo mata su gaishe ta. Waɗannan matan su ne suka ɗauki kasuwar littattafan Hausa a kafaɗarsu sama da shekara 20. Su ne suke tsakurar kuɗin cefane su aiki yaro shagon haya ya karɓo musu kashi na biyu. Su ne suke miƙa wa maƙwabciya littafi ta kan katanga, su karanta wa wadda ba ta yi boko ba bayan sallar isha'i, su rubuta wa marubuciya wasiƙa ta adireshin da ke bangon littafi. Daga cikinsu ne aka samu Talatu Wada Ahmed mai Rabin Raina, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu suka fi sani da Anti Bilki, mai Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni, da wasu ɗaruruwa da sunayensu suka cika tebura a kasuwannin Kano, Kaduna, Gusau da Maraɗi.

Yau rubutun Hausa bai mutu ba, ya ma ƙaru. Sai dai ya sauya masauki. Ana rubuta shi da yatsa biyu a kan waya, ana sakin sa shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Facebook, da manhajoji irin su Wattpad da ArewaBooks, ana kuma karanta shi da murya a YouTube. Duk wanda ya leƙa waɗannan wurare zai ga cewa 'yan mata da matan da ba su daɗe da aure ba su ne suka cika su. Iyayensu, waɗanda suka share hanyar, sun yi ƙaranci ƙwarai. Kuma abin ya faru ne daidai lokacin da mace Bahaushiya take samun abu biyu da marubuci ya fi buƙata: sararin zama da tarin abin faɗa.

Yadda Aka Bar Su A Baya

Ba wanda ya kore su da baki. Tsarin ne ya zo da gudu irin wanda bai yi la'akari da su ba. Marubuciyar waya tana sakin sabon shafi kusan kullum, domin idan ta yi kwana biyu shiru masu karatu sun fara kiran sunanta a zaure, idan ta yi mako guda sun koma wa wata. Mai littafin kuɗi kuwa, wadda aka tura wa 'yan ɗaruruwan naira ta banki ko katin waya kafin ta saka mutum a zaurenta, bashi ne a wuyanta sai ta biya. Mace mai shekara 55 da ke fama da gilashin ido, da jinyar tsohuwa a ɗaki, da hidimar biki da suna da gaisuwar mutuwa na dangi biyu, ba za ta iya wannan tsere ba. Ba kuma shi ne irin rubutun da take son yi ba.

Sai kuma batun abin da ake rubutawa. Mafi yawan labaran da ke tashe a waya suna ƙarewa ne a inda rayuwar babbar mace ta fara: an sha wuya, an ɗaura aure, an tare. Idan mace mai shekaru ta fito a ciki, galibi uwar miji ce mai mugun hali, ko kishiyar uwa mai bin bokaye, ko kaka mai ban dariya. Wasu zaurukan kuma sun yi ƙaurin suna da batsa, abin da ya sa uwa mai mutunci take gudun a ga lambarta a ciki, balle a ce ita ma tana rubutu a wurin.

Ƙofofin da ke fito da sababbin marubuta su ma sun fi kallon matasa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ta faro a 2016 a matsayin gasar gajerun labarai ta mata, ta yi wa adabinmu gagarumin aiki. Ta fito da sunaye irin su Aisha Muhammad Sabitu, wadda ta lashe karon farko, da Maimuna Idris Sani Beli a 2017, da Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar a 2022. Amma a shekarun baya-bayan nan sharuɗɗanta sun ƙayyade shekarun masu shiga daga 18 zuwa 35. Ƙarfafa matasa manufa ce mai kyau, ba mai jayayya da ita. Abin tambaya shi ne: wadda ta fara ɗaukar alƙalami tana da shekara 46, bayan ta aurar da 'yar fari, ina tata ƙofar?

Akwai kuma shingen da ke cikin zuciya, wanda ya fi duka tsawo. “Ni da girmana me zan rubuta?” “Wannan ai sai yara.” “Kada surukaina su ji.” Waɗannan maganganu ne da ake ji a bakin matan da idan suka fara ba da labari a tsakar gida ba mai iya tashi. Shekarun muhawara a kan littattafan soyayya, tun daga shekarun 1990 lokacin da aka laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, zuwa ƙona wasu littattafai a Kano a 2007 da takun-saƙar da aka yi da hukumar tace fina-finai da ɗab'i, sun bar wani tabo: mutane da yawa sun ɗauka rubutun mace abin zargi ne. Budurwa za ta iya toshe kunne. Uwar da ake zuwa neman auren 'ya'yanta ba ta da wannan sararin.

Abin Da Ke Cikin Cikinsu

Domin a gane girman hasarar, sai a tuna da Baba ta Karo. An haife ta a 1877, ta rasu a 1951. Tsakanin 1949 da 1950, tana tsohuwa mai shekara sama da 70 a ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. Littafin ya fito da Ingilishi a 1954. A ciki akwai harin bayi da fansar waɗanda aka kama, da zuwan Turawa kamar yadda mata suka gan shi daga cikin gida, da aurenta huɗu, da rashin haihuwarta da 'ya'yan da ta riƙa, da ƙawance, da bori, da yadda ake biki da suna. Har gobe masana tarihi a jami'o'in duniya suna komawa gare shi, domin babu wani littafin sarauta ko rahoton Razdan da ya adana abin da ta adana. Amma sai da baƙuwa ta zo daga wata ƙasa kafin a rubuta shi, kuma Hausawa ba su samu karanta shi da harshen da aka faɗe shi ba sai bayan shekaru masu yawa.

Matan da ke tsakanin 45 da 75 a yau su ma sun ga sauyin da bai gaza na zamanin Baba ba. Manyansu sun ga ranar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973. Sun ga fari na farkon shekarun 1970 da na 1984, sun san abin da aka dafa a gidajen da rumbu ya ƙare. Su ne 'yan matan da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwasa zuwa aji, aka cire da yawansu kafin su gama. Wasunsu sun gudu da goyo a rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a Kano. Sun riƙe gidaje a lokacin tsuke bakin aljihu na 1986, da lokutan da masaƙu suka riƙa sallamar mazajensu. Sun ga buɗuwar Islamiyyun matan aure, da kafuwar ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985, da zuwan wayar salula a 2001. Na Borno da Yobe, da na Zamfara da Katsina da Diffa, sun binne 'ya'ya, sun bar garuruwansu da ƙafa.

Ban da manyan al'amura, akwai ilimin da ba ya cikin kowane kundi: yadda ungozoma take karɓar haihuwa kafin asibiti ya iso ƙauye, da wankan jego da kunun kanwa, da yadda ake haɗa gara da jere a lokacin da kwalla da tasa suke ado, da kaɗi da mazari, da dabarun dillaliya, da yadda mace a cikin kulle take juya jari har ta sayi fili ba ta taka kasuwa ba. Akwai kuma abubuwan da sai wadda ta ɗanɗana: ranar da aka yi mata kishiya bayan shekara 20, watannin takaba, zawarci da girma, rabon gado, ɗaukewar al'ada da ba a maganarta, ɗakin da ya yi shiru bayan auta ta tare.

Kada a ce masu karatu ba sa son irin wannan. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, wanda ya fito a 1990, labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara da mijinta ya kora bayan ya yi sabon aure, ta tashi ta riƙe kanta da sayar da abinci. Shi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012, kuma ana yawan ambatonsa a matsayin littafin ƙirƙira na farko na mace Bahaushiya da ya samu wannan fassara. A Senegal, Mariama Bâ tana da shekara 50 ta fitar da littafinta na farko a 1979, wasiƙar wata mata ce mai takaba zuwa ga ƙawarta. Ya lashe kyautar Noma a 1980, yau ana karanta shi a makarantu a faɗin Afirka. Ta rasu a 1981. Da ta ce bari ta ƙara jira, da babu shi.

Nana Asma'u Ta Riga Ta Nuna Hanya

Tara manyan mata a kan ilimi da rubutu, alhali suna garuruwa daban-daban, ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma fuskanci matsalar da ta yi kama da tamu: yaya ilimi zai isa ga matan ƙauye da ba za su iya barin ɗakunansu ba? Amsarta ita ce 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali da riƙon amana ta naɗa su a matsayin jaji, ta ba kowace malfa da jan ƙyalle a matsayin alamar izini. Jaji takan jagoranci ayarin ƙananan 'yan mata da matan da suka wuce shekarun haihuwa, su taho wurinta da sadakar hatsi da zuma da tufafi, su koyi waƙoƙin da ta tsara na karantarwa, su koma su koyar da waɗanda suka bari a gida. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Darasin da ke ciki a bayyane yake. Asma'u ba ta ɗauki shekaru a matsayin naƙasa ba, ta ɗauke su a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki. Babbar mace tana da 'yancin tafiya, ana jin maganarta, ta san gidan kowa. Ta kuma gina tsarin a kan ƙananan ayari, kowane da jagorarsa da aka sani da fuska, ta haɗa rubutu da murya domin wadda ba ta iya karatu ba ta samu rabo. Duk mai son gina zauren rubutu na iyaye mata a intanet, waɗannan ginshiƙai uku su ne zai fara kafawa: ƙaramin taro, jagora amintacciya, da girmama baki kamar yadda ake girmama alƙalami.

Me Ya Sa Sai Nasu Su Kaɗai?

Wasu za su ce raba marubuta da shekaru rarraba kai ne, tunda akwai ƙungiyoyi irin su reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, da na mata irin su Kallabi da Mace Mutum, waɗanda ba su hana kowa shiga ba. Gaskiya ne, kuma sun yi aikin da ba za a manta ba. Amma waɗannan na waɗanda suka riga suka amsa sunan marubuta ne. Wadda ake magana a kanta a nan ba ta taɓa nuna wa kowa shafi ɗaya ba.

Kuma kunya ba abin wasa ba ce a wurinmu. Matar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari ba za ta karanta labarin mutuwar aurenta a gaban sa'ar 'yarta ba. Idan aka haɗa su zaure ɗaya, abu biyu ne zai faru. Ko dai babbar ta yi shiru, ko ta koma mai nasiha, ta riƙa rubuta abin da ya dace uwa ta faɗa maimakon abin da ya faru. Su kuma yaran ba za su iya gyara mata ba, sai dai “Masha Allah Umma, Allah ya ƙara basira.” A tsakanin tsara kuwa, wadda ta ce an yi mata kishiya tana jego, akwai mai ce mata “Yaya, ni ma haka, amma ba ki faɗi abin da kika yi da daren ba.” Daga irin wannan tambaya rubutu na gaskiya yake fitowa.

Wasu ƙasashe sun riga sun gane cewa mai fara rubutu da girma yana buƙatar tasa ƙofar. A Ingila akwai kyautar McKitterick ta littafin ƙirƙira na farko daga marubucin da ya haura 40, da kyautar Christopher Bland da aka fara bayarwa a 2019 ga wanda ya fitar da littafinsa na farko yana da 50 ko fiye. A Amurka, tun 2015 ake gudanar da The Writers Lab domin mata masu rubuta labarin fim da suka haura 40, da tallafin jaruma Meryl Streep. A wurinmu, inda mace da yawa take zama kaka kafin ta cika 45, shekara 40 iyaka ce mai ma'ana.

Yadda Ake Aza Tubalin

WhatsApp ne wurin da ya fi dacewa a fara, domin shi ne manhajar da iyaye mata suka riga suka saba da ita ta hanyar zaurukan dangi, na Islamiyya da na tsofaffin ɗalibai. Zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024, amma zauren rubutu da ya wuce mutum 20 ya zama kasuwa. A cikin 15 zuwa 20 kowa ta san muryar kowa, ana lura idan wata ta yi shiru, a kira ta a ji ko lafiya. Idan masu so suka yi yawa, sai a buɗe zaure na biyu da tasa jagorar, maimakon a cusa su wuri ɗaya.

Tafiyar da shi kuwa, babu tsarin da ya fi na adashi, wanda kowace mace ta san dokarsa. Kowa tana zubi, wato tana karanta na 'yan uwa ta faɗi ra'ayinta. Kowa kuma tana da ranar kwasarta, ranar da zaure duka zai tattaru a kan rubutunta ita kaɗai. Wadda ba ta zubi ba ta kwasa. Jagora ita ce uwar adashi: tana riƙe jerin sunaye, tana tuna wa mai bi, tana hana a cika wurin da tallan atamfa, saƙonnin barka da Juma'a da muhawarar siyasa. Rubutu biyu a mako ya wadatar. Wadda ta yi shafi uku a wata ta yi ƙoƙari, domin a shekara ta tara abin da zai zama ƙaramin littafi.

Farar takarda tana da ban tsoro ga mai farawa, saboda haka kada a ce mata “rubuta labari.” A ba ta ƙofa ƙarama: ranar da aka kai ki ɗakin miji, wa ya riƙe hannunki? Wace sana'a kika fara, nawa ne jarin? Wane abinci kakarki take yi da yanzu ba a yi? Wace magana mahaifiyarki ta faɗa miki da ba ki gane ba sai da ta rasu? Mai son ƙirƙira za ta ɗauki amsar ta sauya sunaye ta gina labari. Mai son tarihin rayuwa za ta bar shi yadda yake. Mai waƙa za ta ƙulla baitoci. Duka rubutu ne.

Saƙon murya shi ne babbar ni'imar da wannan zamani ya kawo wa wannan aiki. Wadda idonta ya raunana, ko yatsunta ba sa sauri, ko ba ta yi boko ba, za ta iya faɗin labarinta na minti biyar, wata ta mayar da shi rubutu. Sai dai a kula da wadda za ta rubuta. Idan 'yarta ce ko jikarta, rabin labarin zai maƙale a maƙogwaro. Gara a haɗa ta da wata 'yar zauren, tsohuwar malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, su zama abokan aiki. Sharaɗi ɗaya ne: mai rubutawa ba ta gyara harshen mai magana. Basakkwaciya ta fito da Sakkwatancinta, ta Damagaram da nata, ta Zangon Kumasi da nata. Wadda kuma hannunta ya fi sabawa da ajami ta rubuta a takarda ta ɗauki hoto ta turo. Masu boko a koya musu saka allon rubutun Hausa a waya, irin wanda Gboard yake da shi, domin ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai, a kuma nuna musu yadda ake ƙara girman haruffa.

Kada a raina wadda ta zo da ƙaramin karatu. Balaraba Ramat kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13, ta ajin yaƙi da jahilci ta dawo ga boko. Hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, da aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ta yaye dubban mata irinta. Da yawansu suna nan da ransu, da waya a hannu.

Amana Da Haƙƙin Mallaka

Abin da zai rusa irin wannan zaure cikin dare ɗaya shi ne fitar da sirri. Danna yatsa ɗaya ya isa a tura labarin wata zuwa zauren danginta. Saboda haka ba a shiga ta hanyar adireshin da aka watsa a fili. Sai wadda 'yar zaure ta sani ta tsaya mata. Kowace sabuwa ta yi alkawari da muryarta cewa abin da aka karanta a nan ya tsaya a nan. Mai son sakaya sunanta tana da dama, kamar yadda marubutan waya da yawa suke amfani da alkunya irin Maman wance ko Ummu wane. Waɗanda suke amfani da waya ɗaya da miji ko 'ya'ya a koya musu kulle manhaja. Kuma jagora ta riƙa tunatar da masu rubuta tarihin rayuwa cewa kishiya da dangin miji da ke cikin labarin mutane ne masu rai da 'ya'ya. Faɗin gaskiya daban, tozarta wanda ba ya nan ya kare kansa daban.

Satar rubutu ma ta zama ruwan dare. Ana kwashe littafi a cire sunan mai shi, ko a karanta shi a YouTube a ci kuɗin talla ba da izininta ba. Ya kamata kowace 'yar zaure ta san cewa a dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, rubutu mallakar mai shi ne tun daga lokacin da aka rubuta ko aka naɗe shi, kuma dokar ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izini ba. Wadda aka rubuta wa daga murya, labarin nata ne. A bayyana haka tun ranar farko domin kada zumunci ya ɓaci a ranar da kuɗi ya shigo.

Gyara Ba Raini Ba Ne

Zauren da babu abin da ake ji a ciki sai yabo, zauren gaisuwa ne. Amma gyara wa Hajiya rubutu a gaban mutane abu ne mai nauyi, musamman idan ta girme ki ko ta fi ki ilimin addini. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a mayar da gyara tambaya. Mai sharhi ta fara da wurin da ya taɓa ta, sannan ta faɗi inda ta ɓace, sannan abin da take son ƙarin bayani a kai. “Anti, a nan kin ce kin yi haƙuri. Yaya haƙurin ya kasance? Me kika dafa ranar? Wa kika fara gaya wa?” Babbar cutar rubutun manya ita ce gaggawar kaiwa ga darasi. Shekaru sun koya musu dunƙule magana, rubutu kuwa yana son a warware ta. Idan aka nuna wa mai karatu ɗakin da abin ya faru, shi da kansa zai ɗauki darasin.

Lokaci-lokaci, ko sau ɗaya a wata uku, a gayyato gogaggiyar marubuciya ko malamar sashen Hausa na wata jami'a ta yi bayani a kan ƙa'idojin rubutu, raba kalmomi da gina labari. A nan ne kuma za a buɗe ƙofa ga matasa, su zo su saurari abin da masu shi suka yarda a fitar, su kuma koya wa iyaye dabarun waya da tallata littafi. Kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ya rasa.

Daga Waya Zuwa Inda Ba Zai Ɓace Ba

Waya ba ma'ajiya ba ce. Tana faɗawa ruwa, ana sace ta a kasuwa, tana cika a goge komai. Manhajoji ma suna mutuwa: OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a kai, ta rufe a ƙarshen 2023. Don haka kowane zaure yana buƙatar ma'aji, mace ɗaya da za ta riƙa kwashe rubutun da aka kammala zuwa kwamfuta, ta ajiye a wuri fiye da ɗaya, tare da muryoyin asali. A ƙarshen shekara a zaɓi mafi kyau a haɗa kundi. Takarda ta yi tsada, amma mata 20 da suka saba haɗa kuɗin anko ba za su gaza buga kwafi 200 ba. Da izinin masu shi, a kai kwafi Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da ɗakunan karatu na jami'o'in Bayero, Ahmadu Bello, Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai.

Sauran aikin na masu hali ne da masu kafafe. Gidajen rediyon da suke karanta littattafan Hausa a shirye-shiryensu za su iya ware fili ga rubutun iyaye mata, kuma za su samu masu sauraro fiye da yadda suke zato. Masu shirya gasa za su iya ƙara rukunin 'yan 40 zuwa sama ba tare da sun rage wa matasa komai ba. Attajiran da suke ɗaukar nauyin gasar ƙwallo da musabaƙa za su iya ɗaukar nauyin kundi ɗaya a shekara. Mazaje da 'ya'ya kuma nasu ya fi sauƙi: kuɗin data, gilashin ido, da awa ɗaya da ba za a kira ta ba.

Amma ba sai an jira kowa ba. Abin da ake buƙata a fara bai wuce mace ɗaya mai riƙon amana ba, da ƙawayenta biyar, da ranar da suka tsayar a mako. Kowace shekara muna binne matan da suka tafi da tarihin unguwa guda a cikinsu, mu dawo daga makabarta muna cewa da mun sani mun tambaye su. Waɗanda suka rage suna da waya, suna da harshe, suna da abin faɗa. A buɗe musu zauren tun suna da ƙarfin faɗa da bakinsu, su kuma sa sunansu a kai.